Mai Ɗanɗana wa Dawaki Ruwa

Ranar Laraba, tara ga watan Oktoba, ana gab da kiran sallar la'asar, Allah ya karɓi ran yayana a ɗakin masu ciwon ƙoda na babban asibiti. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma duk can muka nufa. Mutanen gari sun san shi da Mai Dawaki, don ya haura shekara talatin yana kula da bargar makarantar koyon hawa da ke bakin kogi. Ni kuwa da Yaya na san shi, kuma da shi zan kira shi a wannan rubutu, don bakina bai iya wani suna ba.

Yaya, ni ce ƙanwarka mai ɗinki, wadda kake cewa bakinta ya fi almakashinta kaifi. Na ɗauki biro ne saboda mutane sun cika gidanka suna tambayar abin da ya same ka. Matarka ba ta iya ba su amsa sai kuka, ni kuma in na fara bayani sai maganar ta sarƙe min. Gara in zauna in rubuta daki-daki, in faɗi ko wane ne kai, in faɗi abin da ya ɗauke ka, in kuma faɗi dalilin da ya sa har yau hankalina bai kwanta ba a kan 'yarka Auta da cikin fari da take ɗauke da shi.

Mahaifinmu ya rasu ina 'yar firamare, kai kuma ko gemu bai gama fito maka ba. Ka ajiye karatu ka shiga barga kwasar kashin doki don tukunyarmu ta hau wuta. Kullum da safe kai ke raka ni makaranta. Ina tafe ina toshe hanci ina ce maka kana warin doki, kai kana dariya kana cewa ai warin nan ne ya saya min takalmi. Keken ɗinkin da nake ci da shi har yau, a kanka ka ɗauko shi tun daga kasuwa, ka dire a ƙofar ɗakina gumi na zuba, ka ce, "To ga dokinki nan, Ƙanwata. Shi ba ya shuri, ba ya cin dusa." Ban taɓa jin ka ambaci maganar keken nan ba bayan ranar, ko da wasa.

Akwai wani mai amalanke da ya zo gaisuwa, ya zauna a bakin ƙofa tun hantsi har rana ta karkata. Mata suna ta tambayata ko ɗan'uwa ne. Dokinsa ne ya taɓa faɗuwa a gaban kasuwa da tsakar rana, mutane suka kewaye suna kallo, kowa na ba da shawarar a kira mai wuƙa. Kai ka tuɓe rigarka ka jiƙa ta, ka wuni a durƙushe a kan kwalta kana goge wa dokin wuya har ya miƙe. Ka ja shi da ƙafa zuwa barga, ka yi jinyarsa har ya murmure, ka mayar wa mai shi. Da mutumin ya fara godiya sai ka katse shi da tambayar ko yana da man shafa wa gyambon da sirdi ya yi wa dabbar. Haka kake, Yaya. Godiya kunya take ba ka.

Ni dai ban taɓa son doki ba, kuma ban ɓoye maka ba. Ina ganin sun ƙwace mana kai. Ranar bikina sai da aka je barga aka janyo ka, ka zo da ciyawa a hularka. 'Ya'yanka maza duk sun bi ra'ayina, kowa ya kama aikin ofis. Auta ce kaɗai ta ɗauko ka sak. Tun tana rarrafe take bin ka cikin barga, ta girma tana sanin kowane doki da halinsa, kuma ko da ta yi aure ba ta daina zuwa taya ka aiki ba. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi zama a hanya, ita kuma ta fi zama a wurinka.

Akwai wani ciwon ido da ke kama dawakin bargar nan tun da daɗewa. Sai ido ya fara zubar da ruwa, ya rufe, dokin ya riƙa gudun haske. Bayan ɗan lokaci ya warke kamar ba a yi ba, sai kuma ya dawo. Duk dawowar da zai yi sai ya bar hazo a idon, har wata rana ƙwayar ta koma fari fat. Goɗiyoyi uku ya makantar gaba ɗaya: Tsohuwa, da Kili, da Gajera. Mai bargar ya ce a sayar da su ga masu yanka, tunda babu yaron da za a ɗora wa makauniyar goɗiya. Ka ce masa in an fitar da su ta ƙofar gaba, kai ma za ka bi ta baya. Mutumin kirki ne, ya ƙyale ka. Ka share tsohon sito na bayan barga, ka toshe tagoginsa da buhuna, ka mayar da su can.

A lokacin ne ka zo shagona da igiya mai ƙulli-ƙulli a hannu.

"Ƙanwata, hula nake so ki ɗinka min guda uku, baƙaƙe, masu ramin kunne."

Na ce, "Yaya, kunnen naka ne ya ƙara tsawo?"

Ka shimfiɗa igiyar a kan teburina, ashe awon kan doki ne. Ka ce ko da ba sa gani, rana tana yi musu zafi a ido, ƙudaje kuma suna damunsu. Na ɗinka ina mita, na kai maka da kaina don in ga masu hular.

Ban manta shigata ɗakin nan ba. A waje rana ta take tsaka, a ciki kuwa sai da na tsaya idona ya saba. Ba na jin komai sai numfashi mai nauyi da warin danshi. Ban yi magana ba, ban yi tari ba, amma kawuna uku suka juyo gare ni a lokaci guda. Idanu shida farare suka tsaya daidai fuskata, ba su kauce ko kaɗan ba. Na matsa gefe a hankali, suka bi ni. Na miƙa maka hulunan daga nesa na ce ina da ɗinkin mutane a shago. Ka yi ta yi min dariya har na fita tsakar bargar.

Yanzu sai in zo ga al'adarka, wadda duk wanda ya san ka ya san ta. Tsohon da ya koya maka aiki ya hore ka da cewa mai kula da doki shi ne zai fara ɗanɗana ruwa kafin dabbarsa ta sa baki. A tsakar bargar akwai kwami na siminti, doguwar ma'ajiyar ruwa da dawaki ke sha a ciki. Safe da yamma za ka durƙusa a kusurwarsa ta dama, ka kamfaci ruwa da tafin hannu biyu, ka zuƙa da ƙara, ka wanke fuska da sauran. Sai an ji zuƙar nan dawaki ke sunkuyawa. Ka daɗe kana yi har gwiwoyinka suka yi wa ƙasar wurin ramuka biyu.

Ga masu gani, wannan sabo ne kawai. Ga makafin nan uku kuwa ya zama ido. Za su fito daga ɗakinsu ba tare da an ja su ba, su jeru a bakin kwamin, su tsaya. Ka zuƙa, ka ɗora jiƙaƙƙen tafinka a hancin Tsohuwa, sannan ta sunkuya, sauran biyun su bi ta. Na sha ce maka wannan ƙazanta ce, ruwan da dabba ke tsoma baki. Sai ka ce cikinka ya fi na doki ƙarfi, kuma shekarun nan duka ko ciwon ciki bai taɓa kwantar da kai ba. Gaskiya ka faɗa.

Daminar bana kogi ya yi ambaliya. Ruwa ya shigo tsakar barga ya kwanta, da ya janye ya bar laka da wari. Ɓerayen da ke zaune a gaɓar kogi suka rasa ramukansu, suka tare a siton dusa. Auta ta ce min da rana tsaka za ka gan su suna tafiya a kan bakin kwamin, ko gezau ba sa yi in an kore su. Gindin kwamin ma ya tsage. Ba a daɗe ba goɗiyoyi masu ciki suka fara ɓari, wannan ta zubar, waccan ta zubar. Kai ke kwashe matattun duƙusan da hannunka kana binnewa a bayan katanga, kana dawowa gida ba ka iya cin abinci.

Likitar dabbobi ta zo. Mace ce mai natsuwa, ta ce dama tana zagaya bargogin yankin tana ɗibar jinin dawaki don a san yadda wata cuta ta yaɗu a cikinsu. Ta ɗebi na naku duka. Da sakamako ya fito ina wurin, na kawo maka abinci. Ta faɗi sunan cutar, leftosfirosis, sunan da sai da na yi ta maimaitawa kafin harshena ya ɗauka. Ta ce ƙwayar tana fita ne a fitsarin ɓera da na dabbar da ta kamu, ta zauna a ruwan da ya kwanta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta shiga jiki ta baki, ko ido, ko ɗan yankan da ke fata. Ita ke sa ɓarin, kuma ta fi zargin ita ce ta daɗe tana cin idanun dawakin nan.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne da ta ce fiye da rabin dawakin da ta gwada a yankin jininsu ya nuna sun taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma mafi yawansu lafiya lau suke a ido. Ta nuna wani ingarma mai sheƙi da yara ke rububin hawa, ta ce har da shi. Na waiwaya na dubi layin dawakin nan suna tauna ciyawa hankali kwance, sai na ji bargar ta canza min, kamar na shigo gidan da ban sani ba.

Ta ce ka sa takalmin roba da safar hannu, a yi maganin ɓeraye, a daina amfani da kwamin. Sannan ta dube ka ta ce, "Baba, don girman Allah ka daina shan ruwan nan. Mutum ma yana kamuwa, kuma tana kisa."

Ka sunkuyar da kai ka ce, "Na ji, Likita. Amma su fa ba sa gani. In ban sha ba, da me za su san ruwa ne?"

Ka sa takalmin, ka sa safar, don ba ka iya watsa wa mutum ƙasa a ido. Masu gani ka mayar da su shan bokiti. Makafin suka ƙi bokitin, suka je suka jeru a inda suka saba. Auta ta ce ka tsaya ka daɗe kana kallonsu, sannan ka zare safar ka rataye a ƙusa, ka durƙusa. Ka ce mata na ɗan lokaci ne, a hankali za ka saba musu da sabon wuri.

Zazzaɓi ya fara maka da ciwon kai da ciwon sharaɓa, har ba ka iya taka ƙasa. Idanunka suka yi jajir ba tare da kwantsa ba. Duk muka ce zazzaɓin sauro ne, tunda lokacinsa ne, aka karɓo magani a kemis. Ko a kwance kake, lokacin shan ruwa na yi sai ka dafa bango ka tafi. Ka ɗan ji sauƙi, muka yi hamdala. Sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wata safiya matarka ta kira ni a waya, ta ce in zo in ga idon Yaya. Na tarar farin idonka ya koma ruwan ƙwai, fitsari kuma ya ɗauke. Muka kwashe ka sai asibiti. Likitar dabbobi na jin labari ta bar aikinta ta biyo mu, ta gaya wa likitocin abin da za su nema a jininka. Sun yi iya ƙoƙarinsu, na shaida, amma ƙodar ta riga ta tafi.

Maganar ƙarshe da ka yi da ni, sai da ka bari matarka ta fita alwala. Ka kama gefen mayafina da yatsu biyu, ka ce, "Ƙanwata, ki riƙe min Auta. Kada ki bari ta durƙusa a bakin kwamin nan. Na san halinta, nawa ne." Na ce ka daina irin wannan magana, kai za ka tashi ka hana ta da kanka. Ka yi murmushi kawai ka rufe ido.

Tun ranar da aka kwantar da kai a asibiti makafin nan suka daina shan ruwa. Likitar dabbobi ta sa aka kwashe ruwan kwamin aka rufe shi da kwanon rufi, ta riƙa zuwa tana ɗura musu ruwa ta robar da take zurawa ta hanci. Bayan mun binne ka Auta ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta cika sabon bokiti da ruwan famfo, ta durƙusa ta zuƙa da ƙara yadda kake yi, ta ɗora hannu a hancin Tsohuwa. Ta sa tsohuwar rigar aikinka ta sake gwadawa. Sai su sansana, su kau da kai, su taka a hankali zuwa bakin rufaffen kwamin, su jeru. Haka za su tsaya cikin baƙaƙen hulunan da na ɗinka, kawunansu a saman kwanon, ba motsi, ba haniniya, har sai an ja su da ƙarfi.

Kwamin kuma ya ƙi bushewa. A kwashe shi tas da yamma, da safe a ɗaga kwanon a tarar da ruwa ya taru, baƙi, a kwance. Likita ta ce ƙasa ce ta ƙoshi da ruwan ambaliya, yana tsattsafowa ta tsagar gindin. Na yarda da ita, magana ce ta hankali. Duk da haka ban so in leƙa ba. Mai bargar ya ce za a fasa shi da zarar magini ya samu sarari.

Goɗiyoyin suka rame, cikinsu ya shafe, fatar Tsohuwa in an ja ta ba ta komawa. Likita ta kira mai bargar gefe ta ce ɗura ba za ta riƙe su har abada ba. In ba su fara sha da kansu ba, tausayi shi ne a yi musu allurar da za ta hutar da su. Auta tana bayan ƙofa, ta ji komai.

A hanyar gida ta ce min, "Gwaggo, kurɓa ɗaya ce fa."

Na tsaya cak a tsakiyar titi. "Kurɓa ɗayar ce ta raba ki da ubanki."

"Baba ya fi shekara talatin yana sha."

"Ruwan da ya sha shekara talatin daban, na bana daban. Ke ba ki ga abin da ya samu goɗiyoyi masu ciki ba? Ke kaɗai ce a jikin nan naki?"

Ta dafa cikinta, ta yi shiru. Shirun nan na san shi, Yaya, irin naka ne, wanda kake yi in ka riga ka gama shawara. Na rufe shago na tare a gidanka. In ta shiga ɗaki ina ƙofa, in ta fita tsakar gida ina bayanta. Na kira mijinta a waya ya yi mata faɗa, ta ce to. Ni ban yarda da wannan to ɗin ba.

Ranar da abin ya faru gidan cike yake da mata masu gaisuwa, bayan azahar. Na tashi in kawo wa wata tsohuwa ruwa, na dawo na ga tabarmar Auta babu kowa. Ban tsaya neman takalmina ba, na zura na wata baƙuwa na fita da gudu.

Na sha shiga bargar nan, ban taɓa jin ta shiru irin na ranar ba. Ba kukan tsuntsu, ba bugun kofato, ba ƙarar sarƙa. Dawaki masu gani duk sun zuro kai ta saman ƙofofinsu, sun daina tauna, suna kallon wuri guda. An janye kwanon rufin an jingine shi da bango. Makafin uku suna jere. Auta tana durƙushe a bakin kwamin, hannayenta biyu a cikin ruwan har wuyan hannu. Ba ta durƙusa a ramukan gwiwarka ba, ta bar su, ta raɓa ta gefensu kamar yadda take yi in kana nan.

Na buɗe baki zan kira ta. Sai na ga kunnuwan goɗiyoyin nan sun juya a tare. Ba wajen Auta suka juya ba, ba kuma wajena ba. Kusurwar dama suka nufa, inda babu kowa. Ruwan da ke kwance lumui ya motsa daga kusurwar, zobe ya buɗe yana faɗaɗa har ya taɓa hannun Auta. Tsohuwa ta ɗan ɗaga hancinta, ta riƙe shi a sama, ta saki dogon numfashi. Sannan ta sunkuya ta kafa baki. Kili da Gajera suka bi ta. Ina tsaye ina jin ruwa na wucewa ta maƙogwaronsu, ƙwat, ƙwat.

Da na samu kaina na fizgo Auta ta baya har muka kusa faɗuwa tare.

"Kin sha?"

"Ban sha ba, Gwaggo."

"Dube ni nan. Kin sha?"

Ba ni take kallo ba, kusurwar take kallo. Ta ce a hankali, "Ban sha ba. An riga ni."

Haɓarta a jiƙe take, amma hawaye na zuba a fuskarta, ban iya bambancewa ba. Na kama hannayenta zan goge da mayafina, sai na ga jini. Wajen janye kwanon rufin ya yanke ta a yatsa, yanka mai zurfi, kuma hannun nan ne ta tsoma a ruwan.

Ni musulma ce, Yaya. Na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma na nemi gafarar Allah a kan abin da zuciyata ta raya min a wurin. Da na ba likitar dabbobi labari daga baya ta ce ƙishirwa ce ta kai su maƙura, motsin ruwan kuma wataƙila kwaɗo ne ko wani ƙwaro. Na karɓi maganarta hannu biyu. Abin da na gani dai na rubuta shi yadda na gan shi, ban ƙara ba, ban rage ba.

Daga bargar asibiti muka wuce kai tsaye. Aka wanke yankan, likita ya ba ta maganin da ya dace da mai ciki, ya ce a sa mata ido, don ciwon yana iya yin makonni a ɓoye kafin ya nuna kansa. Washegari ban jira magini ya samu sarari ba. Na je gidansa na tsaya a ƙofa har ya ɗauko guduma, na tsaya a kansa ya farfasa kwamin, aka cike ramin da tsakuwa. A daidai wurin aka jera bokitai na ruwan famfo. Makafin suka fito, suka jeru, suka sha ba tare da kowa ya ɗanɗana musu ba. Tun daga ranar suke sha, ko wa ya kawo.

Ku masu kiwon doki da za ku karanta wannan, na san ku da taurin kai, don na tashi da ɗayanku. Dokin da ke sheƙi yana iya ɗauke da abin da zai kwantar da ku. Ku bari a gwada dabbobinku, ku kori ɓera daga wurin abincinsu, ku rufe ƙafa da hannu in za ku shiga ruwan da ya kwanta. In zazzaɓi ya zo muku da ciwon sharaɓa da jan ido bayan ambaliya, ku je asibiti da wuri, ku gaya wa likita irin aikin da kuke yi. Yayana ya fi ku duka son doki, kuma son bai kare shi ba.

Makonnin da likita ya faɗa ba su cika ba tukuna. Na hana Auta taka barga har sai ta sauka. Kullum da safe sai na ja ta bakin taga, na dafa goshinta, na matsa sharaɓarta, na ja fatar idonta ƙasa na duba. Tana cewa, "Gwaggo, kin dame ni." Ina cewa ta yi haƙuri, aiki aka ba ni. Jiya ta ce kanta na ɗan sarawa, sai ga shi da yamma ya sake ta. Yau ta tashi lafiya, ɗan cikin ma ya yi motsi har ta kama hannuna ta ɗora in ji.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi zaman haƙuri da mutumin da rabin zuciyarsa ke barga, Allah ya sanyaya mata. Ina yi wa 'ya'yanka maza da Auta da mijinta, da mai bargar da ya riƙe ka kamar ɗan'uwa, da likitar da ta zauna cikinmu ta yi kuka kamar ita ka haifa, da mai amalanken da ya wuni a bakin ƙofa. Ni kuwa ban san wanda zai yi min tawa ba, don uba na rasa karo na biyu.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ya shayar da dabbobin da ba su da bakin roƙo, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka. Ya tausaya wa makafi, ka haskaka masa kabarinsa, ka yalwata shi. Ka yafe masa kurakuransa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, ka haɗa shi da iyayenmu a gidan rahama. Ka tsare 'yarsa daga wannan cuta, ka sauke ta lafiya, ka raya abin da za ta haifa.

Yaya, dawakinka suna sha, ba sauran abin da zai dame ka a bargar nan. Ka kwanta ka huta. In kuma kewar Auta kake yi, ka yi haƙuri ka jira, mu ba mu gama da ita ba tukuna.